Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Turanci Da Shugabannin Makarantun Sakandare

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe shugabanni, 'yan uwana malamai, ina gaishe ku da aiki, ina yi muku sannu da ƙoƙari. Ni ma na sha ƙurar alli shekara da shekaru kafin in ajiye aiki, kuma har yau ban rabu da ɗalibai ba. Duk shekara idan sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito, akwai yaran da iyayensu suke kawo mini in taimaka musu su sake zama jarrabawa. Yawancinsu sun sami kiredit a darussa shida ko bakwai, amma Turanci ya tsaya musu a D7 ko E8, wasu ma F9, wato ƙasa da kiredit. Kun san abin da hakan ke nufi. Babu jami'ar da za ta dubi takardar yaro idan babu kiredit biyar da suka haɗa da Turanci. Shekara guda ta tafi ke nan, wani lokaci biyu, wasu kuma daga nan karatun ya ƙare. Saboda waɗannan yara nake rubuto muku.

Ranar farko da yaro ya zo wurina, ba na buɗe masa littafin nahawu. Takarda nake miƙa masa in ce ya rubuta mini shafi ɗaya a kan duk abin da ya ga dama. Idan ya gama sai in tambaye shi: yaushe rabon da malami ya karɓi insha'inka, ya duba da jan biro, ya dawo maka da shi? Mafi yawansu shiru suke yi suna tunani. Wata yarinya mai hazaƙa ta ƙirga da yatsunta, ta ce mini sau biyu a cikin shekara uku. Littafin rubutunta kuwa cike yake maƙil da ma'anar suna da aikatau da sifa, da rabe-raben jimla, duk an kwafo daga allo da rubutu mai kyau. Ta san sunan kowane kayan aiki, amma ba a taɓa sa ta yi gini da su ba.

A nan matsalar take, kuma ita ce kaɗai abin da na zo faɗa, sauran duk rassa ne. Abin da muke kira shirin jarrabawa yana farawa ne a zangon ƙarshe na aji shida. A lokacin ake fito da tambayoyin baya, a ƙara darasin yamma, a raba wa yara samfurin wasiƙa da samfurin labari su haddace. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Darasin da ya dogara da haddar bayanai yana iya amfana da irin wannan gaggawa, ko da kaɗan ne. Turanci kuwa harshe ne, hannu da kunne da ido ne suke saba da shi sannu a hankali, kuma jarrabawar da kanta an gina ta ne don ta gano wanda ya saba da wanda bai saba ba.

Mu dubi takardar da idon basira. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, take kuma shirya jarrabawa a Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya, tana raba Turanci kashi uku ga ɗalibanmu. Akwai tambayoyin zaɓi 80 a kan kalmomi da ginin jimla. Akwai tambayoyi 60 a kan furuci. Sai babbar takarda ta awa biyu, mai maki 100, wadda ta ƙunshi insha'i da auna fahimta da taƙaitawa. Tsarin NECO, wadda aka kafa a 1999, bai yi nisa da wannan ba. A cikin makin nan 100, insha'i kaɗai ya ɗauki 50. Ana son yaro ya zaɓi tambaya ɗaya ya rubuta kalmomi kimanin 450 a cikin minti 50, wato kalma tara a kowane minti, har da lokacin tunani da tsara magana da sake karantawa. Yaron da bai taɓa cika shafi biyu da maganar kansa ba, ta yaya zai fara a ranar, ga agogo na tafiya, ga gaba na faɗuwa?

Ku da kuka taɓa zuwa duba takardu kun san yadda ake kasa makin nan 50. Abin da yaro ya faɗa yana da 10. Yadda ya tsara shi yana da 10. Iya sarrafa harshe yana da 20. Kiyaye ƙa'idojin rubutu yana da 10, kuma a wannan kason ana zare rabin maki a kan kowane kuskure, na nahawu ne, ko na rubuta kalma ba daidai ba, ko na aya da waƙafi da babban baƙi. Kuskure 20 kacal sun share makin goman nan gaba ɗaya. Na ga takardun da suka yi kuskure 20 tun kafin a gama sakin layi na biyu. Ma'ana, maki 30 cikin 50 sun rataya ne a kan harshen yaro da tsabtar rubutunsa. Waɗannan kuwa ba a samunsu ta hanyar saurare. Sai yaro ya rubuta, ya yi kuskure, wani ya nuna masa, ya sake rubutawa, har hannunsa ya daina komawa kan kuskuren.

Shi ya sa haddar samfuri take cutar da yara fiye da yadda muke zato. Na taɓa samun yaro da ya haddace labari guda tsaf, mai kyau kuwa, wanda wani ya rubuta masa. Duk tambayar da na ba shi sai ya karkato ta ya shigar da labarin nan, ko wasiƙa ce zuwa ga editan jarida, ko jawabin muhawara. Mai duba takarda yana gane wannan tun daga layin farko, domin amsar ba ta taɓa tambayar ba. Yaron ya yi wahala, ya hana idonsa barci, amma an ɗora shi a kan hanyar da ba ta ɓullewa. Ban ga laifinsa ba. Abin da aka nuna masa ya bi.

Na san amsar da za ku ba ni, domin ni ma na sha ba da ita. Yawan ɗalibai. A ce malami yana da yara 200 a azuzuwa uku, kuma kowane insha'i yana cin minti biyar kafin a duba shi da kyau. Minti 1,000 ke nan, sama da awa 16, ban da shirya darasi, ban da shiga aji, ban da haƙƙin iyali. Duk wanda ya ce wa malami ya yi haka kowane mako bai san aikin ba. Amma tsakanin kowane mako da sau biyu a shekara uku akwai fili mai faɗi, kuma a cikin filin nan ne nake roƙon mu yi aiki.

Ba lallai ne kowane rubutu ya kai kalma 450 ba. Sakin layi ɗaya na kalma 80 ko 100 ya isa ya fallasa kurakuran da yaro ya saba yi, kuma ana duba shi a cikin minti ɗaya ko biyu. Ana iya kasa aji huɗu, kowa ya rubuta, amma malami ya karɓi na kashi ɗaya a wannan mako, na wani kashin a mako mai zuwa, ta yadda kowane yaro zai ga jan biro a littafinsa sau ɗaya a wata. Kuma kada malami ya gyara kuskuren da kansa. Ya ja layi a ƙarƙashinsa, ya sa alama a gefe da ke nuna irinsa, ya bar yaro ya nemo gyaran. Abin da ya fi yi mini amfani a aji shi ne in tsinto jimloli biyar daga littattafan yara, ba tare da ambaton suna ba, in rubuta su a allo mu gyara tare. Za ku tarar kurakuran ba su da yawan iri. Rashin jituwa tsakanin aikau da aikatau, tsalle daga shuɗaɗɗen lokaci zuwa na yanzu a tsakiyar labari, jimla mai tsawon layi shida babu aya, fara sunan mutum da ƙaramin baƙi. Su ne dai suke ta dawowa. Sai kuma shifta, wadda aka yi watsi da ita kamar tsohon yayi, alhali minti goma ne, kuma yara suna iya musanya littafi su duba wa juna.

Ranku ya daɗe shugabanni, nan ne naku hannun yake shigowa. Malamin Turanci ba daidai yake da wanda gwajinsa zaɓi ne kawai ba. Idan an cika masa jadawali daga safe har tashi, aka kuma ɗora masa wasu ayyukan ofis, to an riga an yanke hukuncin cewa ba zai duba rubutu ba. Ku rage masa darasi ko da biyu ne a mako, ku ce na duba littattafai ne, sannan ku riƙa karɓar littattafan yara lokaci lokaci kuna leƙawa. Abin da shugaba yake dubawa shi malami yake ba muhimmanci.

Taƙaitawa tana da maki 30, ta fi auna fahimta mai 20, amma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Yara da yawa suna zaton aikin shi ne a nemo jimlar da ta yi kama da amsa a kwafe ta. Kwafe jimla sukutum kuwa yana jawo asarar maki, haka ma cusa misalai da ƙarin bayanin da ba a nema ba, haka ma ba da amsa da guntun zance maimakon cikakkiyar jimla. Abin da ake nema shi ne yaro ya raba tsaba da ƙaiƙayi, ya faɗi gundarin magana da kalmominsa. Wannan kuwa abu ne da kowane yaro ya iya da harshensa. Idan aka aike shi da dogon saƙo, ya san abin da zai isar da abin da zai bari. Ku fara daga nan. A karanta sakin layi, a rufe littafi, a ce wa yaro ya faɗi abin da aka ce a jimla ɗaya. Idan ya kasa da Turanci, ya faɗa da Hausa tukuna, domin a gane ko fahimtar ce babu, ko kuwa kalmomin ne suka ƙi zuwa. Cuta biyu ce daban, maganinsu ma daban.

Wannan ya kawo ni ga abin da na san wasunku ba za su yarda da ni ba. Na koyar a makarantar da ake cin tarar yaro idan an ji ya yi Hausa, kuma ni ma na karɓi tarar a lokacin, ina ganin gata nake yi musu. Abin da na gani daga baya shi ne yaran ba su koma Turanci ba, shiru suka koma. Na yarda ƙwarai cewa dole aji ya cika da Turanci, a ji shi, a faɗe shi, a karanta shi. Amma harshen da yaro ya taso da shi tsani ne, kuma mai hankali ba ya ture tsani yana son hawa.

A darasin adabi ne wannan ya fi fitowa fili. Muna rubuta wa yara ma'anar adon harshe da Turanci mai wuya, su haddace, gobe su manta. Alhali yaron da ya ce yunwa ta kama shi ya riga ya yi mutuntarwa. Wanda ya kira jarumi zaki ya yi siffantawa. Wanda ya ce ya jira ka shekara dubu ya yi kambamawa. Wanda ya tashi yana jin karin magana da kirari da waƙa mai amsa-amo bai zo aji hannu rabbana ba. Aikinmu shi ne mu nuna masa cewa abin da ya sani yana da suna a wancan harshen, sannan mu sa shi ya farauto irinsa a cikin waƙar da ke gabansa. A minti biyar zai kama abin da hadda ta kasa ba shi a mako guda.

Haka abin yake a furuci. Turanci yana da sautuka kimanin 44, wasula 20 da baƙaƙe 24, amma haruffa 26 ne kawai suke ɗauke da su, shi ya sa rubutunsa da faɗarsa suke yawan saɓawa, ba kamar bokon Hausa ba. Mun san inda ɗalibanmu suke tuntuɓe: bambanta "p" da "f", bambanta "b" da "v", sautukan nan biyu da ake rubutawa da "th", da kuma cusa wasali a tsakanin baƙaƙen da suka zo a jere. Tun da mun san wuraren, me ya sa ba za mu tsaya a kansu ba, maimakon mu bi jerin littafi daga farko zuwa ƙarshe da sauri iri ɗaya? Akwai ma inda Bahaushe yake da rinjaye. Kunnen da yake rarrabe dafa ta girki da dafa ta ɗora hannu a kafaɗa ya riga ya san gajeren wasali da dogo, don haka bambancin "ship" da "sheep" ba baƙo ba ne a wurinsa idan aka nuna masa ta wannan ƙofa. Abin takaici, saboda a takarda ake amsa tambayoyin furuci, sai muka mayar da darasin na ido. Yara suna haddace alamomin sauti ba su taɓa jin sautin ba. Wayar hannu ɗaya da ƙaramin lasifika sun isa aji ya ji yadda ake faɗar kalma, ya maimaita.

Bari in daɗe kaɗan a kan adabi, domin nan ne zuciyata ta fi sosuwa. WAEC tana sauya littattafan da ake nazari duk bayan shekara biyar, kuma manhajar ta ƙunshi zube da wasan kwaikwayo da waƙa, na Afirka da na waje, tare da wasa ɗaya na Shakespeare. Da zarar an fitar da jerin, sai ƙananan littattafan taƙaitawa su cika ko'ina, masu ɗauke da labarin a shafi uku, da jerin jigogi, da halayen taurari. Ba na cewa ba su da amfani ga wanda ya riga ya karanta littafin yana son bita. Amma sun zama su ne littafin. Na zauna da yaron da ya jero mini sunayen taurari da jigogi shida babu gargada, da na tambaye shi a wane wuri a labarin ne abu kaza ya faru, sai ya ce mini gaskiya bai taɓa riƙe littafin a hannunsa ba. Shekara uku yana ajin adabi.

Jarrabawar ba ta yafe wannan. A takardar zaɓi mai tambaya 50, guda 20 daga wasan Shakespeare suke fitowa, kuma yanki ake tsakurowa a tambayi wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, a ina, me ya faru kafin nan. Wanda bai bi wasan fitowa bayan fitowa ba, sai dai ya yi canke. Akwai kuma zube da waƙa da yaro bai taɓa gani ba, waɗanda babu wani ɗan littafi da zai cece shi a kansu. A takardun rubutu kuwa, babban abin da ke kayar da yara shi ne a tambaye su rawar da tauraro ya taka ko yadda jigo ya bayyana, su kuma su kama ba da labari daga farko har ƙarshe. Ana son hujja daga cikin littafi, kuma ba ka kawo hujja daga inda ba ka je ba.

Na san Turancin Shakespeare ya haura shekara 400, ko 'yan Ingila na yau sai da sharhi suke gane wasu wuraren. Amma don a yi shi a dandali aka rubuta shi. Ku tura kujeru gefe, ku raba wa yara matsayi, su tashi tsaye su faɗa da murya, ko da suna tuntuɓe. Yaron da ya taɓa zama sarki ko bawa na minti goma a gaban aji ba zai manta wa ya faɗi me ba. Waƙa ma a karanta ta da ƙarfi sau biyu ko uku kafin a fara tsinka ta ɗango ɗango. Idan littattafai sun yi ƙaranci, kwafi goma a ɗakin karatu, ana ba da aro bi da bi, sun fi babu. Idan ma kwafi ɗaya ne a hannun malami, ya karanta musu babi guda a kowane darasi. A shekara uku, babu littafin da ba za a gama ba.

Karatun nan kuma ba ɗaliban adabi kaɗai yake yi wa aiki ba. Tambayoyin nan 80 na kalmomi da ginin jimla, da wurin da ake cewa a kawo kalmar da za ta maye gurbin wata a cikin auna fahimta, duk suna auna yawan Turancin da ya taɓa wucewa ta idon yaro ne. Gaba kuma jarrabawar shiga jami'a ta JAMB tana jiransa, inda tambaya 60 cikin 180 na Turanci ne, ko likita yake son zama ko injiniya. Minti 20 na karatun shiru, sau biyu ko uku a mako, kowa da abin da ya samu, labari ne ko jarida ko mujalla, zai yi abin da darasin yamma na wata uku ba zai yi ba.

Tambayoyin baya suna da gurbinsu, ban ce a jefar da su ba. Amfaninsu shi ne yaro ya san fuskar takarda ya kuma koyi raba lokaci, don haka a yi su da agogo, a cikin shiru, a duba, a tattauna dalilin kowace amsa. Kuma ina roƙon kowane sashen Turanci ya nemi rahoton manyan masu duba takardu da WAEC take fitarwa bayan jarrabawa, a zauna a karanta shi tare. A ciki ake bayyana inda ɗalibai suka yi rauni da abin da ake so a gyara. Na yi shekaru ina koyarwa kafin wani abokin aiki ya nuna mini shi, kuma na yi baƙin cikin yaran da suka wuce ta hannuna kafin nan.

Maganar satar amsa ba zan tsawaita ta ba. Yaron da aka bari ya iso aji shida bai iya haɗa sakin layi ba, tsoro ne yake tura shi neman wanda zai rubuta masa, kuma kun san akwai manya da suke jiran wannan tsoron su ci da shi. Kowane littafin da muka duba a aji huɗu yana rage musu kasuwa.

Don haka roƙona bai shafi 'yan aji shida na bana kaɗai ba. Su a yi musu iya abin da lokaci ya bari: rubutu da agogo kowane mako, taƙaitawa, da karanta ainihin littattafan ko da rabi ne ya samu. Roƙona ya fi karkata ga yaran da suka shigo aji huɗu. Ku ba su takarda a makon nan su rubuta sakin layi ɗaya, ku duba, ku ajiye shi a fayil da sunan kowa da kwanan wata. Ku maimaita a wata mai zuwa, da wanda ke biye da shi. Idan zango ya ƙare, ku miƙa wa kowane yaro na farkon da na ƙarshen ya ɗora su gefe da gefe ya karanta.

Allah Ya ƙara muku lafiya da haƙuri, Ya sa albarka a aikinku, Ya ba yaranmu sa'a.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin Turanci